Jiɓar Gonata

A duk Garin Nomau rezo wuri guda ya sani:
kan jiɓar da ke tsakiyar gonata ta aya.
Ban gayyace shi ba.
Wani yaro ne ya hau neman jar akuyarsa,
salula ta yi kuka a aljihunsa,
shi ke nan na rasa gona.

Suka yi mini turba a kan shuka.
Na kafa ƙaya, suka janye.
Na tafi kai ƙara gun maigari,
aka ce in duba gonata,
na tarar da shi bisa jiɓar,
hannu sama kamar mai roƙon ruwa,
yana ta “Alo? Alo? Ɗaga murya!”

Shekara shida ina noma da kunne.
Na san ranar da ɗan Tasalla ya isa Tamanraset.
Na san wata huɗun da layinsa ya yi shiru,
tana zuwa kowace la'asar,
ta hau, ta tsaya, ta sauko,
ta gaishe ni da aiki kamar ba komai.
Mushe Iro kan zo da sunayen ƴan jarrabawa,
zobe na juyawa a gilashi, yana juyawa,
har a kira magariba suna ko ɗaya bai tashi ba.
Daren da haihuwar Lauratu ta gardama
mijinta ya hau da tocila a baki,
sanda guda ta leƙo, ta koma.
Amalanken shanu ne ya kai ta Cadawa.
Ita ta dawo.

Bayan sadakar bakwai muka zauna gindin gawo.
Kowane gida tiya biyar ta gero,
mata suka juye adashin wata uku.
Sau tara Barmo ya shiga motar Maradi,
sau takwas aka ce ya dawo jibi.
Suka ce garinmu bai kai a kafa ƙarfe ba,
sai muka bi ruga da tunga muna ƙidayar salula,
har da masu ɗaurin roba da masu fasasshen ido,
ɗari uku da sha ɗaya,
Mushe ya rubuta, kowa ya dangwala yatsa.

Da suka tambayi fili, ni na miƙe.
Na ce ga kusurwar gabas,
ku ɗauka, ku ba ni sauran gonata.

Yanzu ga shi tsaye, ya fi giginya,
faranti takwas na shan rana a ƙafarsa,
da dare jan ido guda yana ƙyafta wa taurari.
Dillali ya zo ya ce buhu jika ashirin,
jikata Tsahara ta shafa gilashi da ɗan yatsa,
ta ce, “Kaka, yau a Maradi ashirin da bakwai ne.”
Ya yi tari, ya gyara hula, ya ƙara.
Tasalla ta ga fuskar ɗanta tana zaune kan tabarma,
ta ce ya rame,
ta yi masa faɗa har kati ya ƙare.

Katin kuwa akwai ci, ya fi gara.
Samari sun duƙar da kai a dandali,
ka yi sallama, sai ɗan yatsa ya amsa.

Bana aya ta rufe turbar nan,
buhu biyu na ƙaru.
Gara ta koma gininta ba mai taka mata soro.
Sai dai ban san wa ya isa ba, wa ya makara,
ban san wa ke bin wa bashi ba,
haihuwa ma sai na ga goro.

Jiya na jingine hauya, na hau jiɓar.
Ba ni da salula.
Na dai tsaya,
na ɗaga hannu kaɗan.